Faya-fayan Asabar na Kawu

Kawuna ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu a asibiti. Na Allah muke, wurinsa za mu koma, shi dai ya riga mu tafiya. Yayan Innata ne. Shi ya ɗauko ta daga Maraɗi ya kawo ta New York tun ba a haife ni ba, shi kuma ya yi mini huɗuba. Allah bai ba shi haihuwa ba, don haka tun ina rarrafe "ɗiyata" yake ce mini.

Kafin la'asar gidansa na Concourse Village ya cika. Takalma sun yi layi daga bakin ƙofa har wajen lif. Mata suna falo tare da matarsa, wadda muke kira Tanti, maza kuma suna hawowa rukuni-rukuni, su tsaya daga ƙofa su yi addu'a su sauka. Ni aka ba aikin shayi, na kuma ji daɗin haka, domin mai riƙe da tire ba a jiran magana daga bakinta.

Kowa da Kawun da ya sani. Wata tela 'yar Damagaram ta ce shi ya ba ta kusurwar shagonsa na titin 116 ta ajiye kekenta shekarar da ta zo, bai taɓa tambayar ta yaushe za ta tashi ba. Liman ya ce in aka ga gurbi a sahun farko, to Alhaji ba shi da lafiya. Wani direban tasi ɗan zangon Kumasi ya tsaya yana murza hularsa, ya ce wa Tanti, "Wallahi Mama, shekara da shekaru ina ɗaukar sa, ban taɓa jin muryarsa ta tashi ba. Mutum ne da ba ya son hayaniya ko kaɗan." Aka ce haka ne, haka ne. Na sunkuyar da kai a kan kofuna don kada a ga fuskata.

Washegari bayan azahar mutum biyu suka fito daga lif. Ɗaya Bature ne, tsoho, dogo ƙwarai, da rigar fata da ta koɗe a kafaɗu da manyan takalma masu igiya. Ɗayar tsohuwa ce gajera 'yar Puerto Rico, an rina gaban furfurarta da shuɗi, tana rungume da furanni. Ba wanda ya san inda ake ajiye fure a gidan makoki. Inna ta karɓa ta riƙe kamar an miƙa mata jaririn da ba ta san uwarsa ba.

"Su waye kuma waɗannan?" wata ta raɗa a bayana. "Ko masu ginin ne?"

Na ajiye tire. Na ce, "Abokan Kawu ne."

Tanti ta dube ni. "Abokansa na ina?"

"Na Asabar."

Ta amsa gaisuwarsu yadda ya kamata, ta sa aka ba su ruwa da dabino. Ba su daɗe ba. Ƙofar lif ba ta gama rufewa ba wata dattijuwa ta ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Ashe Alhaji har da 'yan kiɗa yake hulɗa."

Da mutane suka ragu wajen magariba, Tanti ta kira ni ƙaramin ɗakin da Kawu ke ajiye kayan shago. A bayan katan-katan na huluna da jakunkuna akwai akwatunan katako biyar cike da faya-fayai, da garmaho a kan tebur an lulluɓe shi da tsohon rawani.

"Ranar Juma'a da safe supa, mai kula da ginin nan, ke fitar da shara," ta ce. "Ki samo masu ɗauka. Ba na so a yi sadakar bakwai abubuwan nan suna cikin gidana."

Na dubi akwatunan.

"Ba don bakin mutane kaɗai ba. Yana kwance can yanzu. Duk nauyin da zan iya rage masa, zan rage."

Na ce to. Ni tun asali mai cewa to ce.

Duk abin da aka faɗa a falon nan gaskiya ne. Amma rabin Kawu aka faɗa, ɗaya rabin yana cikin akwatunan da za a kai bakin titi. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Farkon zuwansa, kafin ya samu shago, tebur yake kafawa can ƙasan Manhattan yana sayar da agogo da tabarau. Teburin yana gaban wani ɗan shagon faya-fayai, mai shagon kuwa shi ne dogon Baturen nan, lokacin yana saurayi. Wata rana da sanyi ya tsananta ya leƙo ya ga baƙo yana salla a kan kwali a gefen titi, sai ya buɗe ƙofa ya nuna masa bayan kanta. Ya jira har Kawu ya sallame, sannan ya mayar da allura kan faifai. Kawu ya ce ya ɗauka ginin ne ke rushewa. Ya tambayi abin da ya lalace, aka ce ba abin da ya lalace, waƙa ce.

Kiɗan da suke kira pank ne, da danginsa na rok waɗanda rediyo ba ta sakawa. Samari ko 'yan mata uku ko huɗu, da gita da ganguna, a ɗakin ƙasa ko garejin wani, su yi waƙa mai sauri da ihu wadda da wuya ta wuce minti biyu. Su buga faifai kaɗan da kansu, su rarraba hannu da hannu, shekara ta zagayo ƙungiyar ta watse. Na taɓa tambayar sa abin da ya gani a ciki. Ya ce gangar ce ta fara kama shi, ta tuna masa filin kokawa a gida lokacin da makaɗa ke ƙara wuta. "Sauran kuma," ya ce, "yaran nan ba su iya ba, sun kuma san ba su iya ba, amma ba su jira izinin kowa ba. Ni ma haka na shigo ƙasar nan."

Bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu a kan dandamali ba, domin inda suke wasa ana sayar da giya, shi kuwa ba ya taka irin wurin. Ya ce faifai ya ishe shi. Su ne suke zuwa wurinsa. Sai ka ga yaro da zobe a hanci ya shigo shagon 116, ya ratsa tsakanin matan Senegal masu zaɓen jaka, ya ajiye sabon faifansu a kan kanta kamar mai kai jarrabawa. Kawu ya ce ya dawo bayan mako. In sanyi ake kuma ya ga kan yaron a buɗe, ba zai bar shi ya fita ba sai da hula.

Shagon faya-fayan ya daɗe da rufewa. Dogo, sunan da Kawu ya raɗa masa ke nan, ya koma gyaran kekuna a Morrisania, kuma a bayan wannan shagon ake zaman Asabar. Su shida ne, wani lokaci bakwai. Tsohuwar mai shuɗin gashi nas ce da ta yi ritaya. Kawu yana kiran ta Yaya, saboda ta girme shi da shekara ɗaya kuma ba ta bari ya manta.

Bayan azahar sai ya bar shago a hannun maƙwabci, ya ɗauki fulas ɗin shayi da faifai ɗaya a jakar leda. Kowa faifai ɗaya yake kawowa, wanda ya saurara a makon nan. A zagaya, mai faifai ya faɗi abin da ya ji a taƙaice, a kunna gefe ɗaya na faifan, kuma daga saukar allura har tashinta ba mai magana. In an gama sai a yi musaya. Ba wanda ke komawa gida da abin da ya zo da shi. Aro ne, sai dai aron da ba a sa masa rana: wani ya dawo bayan mako, wani bayan shekara goma.

In baƙo ya zo ya fara jero ƙungiyoyin da ya fi so a duniya, Kawu zai bar shi ya gama, sannan ya ce da Turancinsa mai ɗanɗanon Faransanci, "Wannan tarihi ne. Me ka ji wannan makon?" Ya taɓa bayyana mini dalili a hanyar gida. Abin da mutum ya fi so, ya ce, amsa ce da ya shirya tun da daɗewa, kamar hoton fasfo. Abin da ya saurara daga Lahadi zuwa Juma'a kuwa shi ke nuna halin da yake ciki yanzu.

Abu ɗaya ke karya dokar shiru. La'asar na yi zai ɗaga yatsa, Dogo ya ɗaga allura ko da a tsakiyar waƙa ne, Kawu ya shimfiɗa darduma a ƙarƙashin kekunan da ke rataye. A watan azumi kuwa leƙowa kawai yake ya gaisa, ba faifai, ba fulas. In an tambaye shi sai ya ce, "Wannan makon na ji karatun liman da kukan cikina. Na biyun ya fi sauri." Ya fita kafin a sauke allura.

Ni na fara bin sa a shekarata ta farko a koleji. Aikin laburare nake karanta, kuma a aji ko sunana aka kira sai in sunkuyar da kai. Inna ta kai masa ƙara cewa ba ni da ƙawa ko ɗaya, sai littafi. Bai yi mini nasiha ba. Ya ce in zo in raka shi wani wuri da ba a magana.

Asabar uku ina zaune a kusurwa. In layi ya zo kaina sai ya ce, "Ɗiyata tana tara nata," a wuce. A ta huɗu Yaya ta turo mini wani tsohon faifai na 'yan mata uku, bangonsa zanen hannu ne, ba hoto. Na saurare shi sau biyar a ɗakin Kawu. Da Asabar ta zagayo na ce, cikin muryar da ni kaina da kyar na ji, mai waƙar kamar tsoro take ji, shi ya sa take ihu. Na so ƙasa ta buɗe in shige.

"Ni ce mai gitar," in ji Yaya. "Kuma wallahi tsoro take ji. Amai take yi kafin mu hau." Wallahin a bakin Kawu ta koya, tana kuma sa shi daidai inda ya dace.

Kawu bai yabe ni ba. A jirgin ƙasa ya ɓare lemo ya ba ni ɓarin da ya fi girma.

Sau ɗaya na ga ya yi kuskure a gaban mutane, kuma zan faɗe shi, domin shi ma bai ɓoye ba. Dogo ya kawo faifai ya yi bayaninsa sama-sama, irin bayanin da ke rubuce a bayan bango. Mako na biyu ma haka. A na uku Kawu ya karɓi faifan, ya zare shi, ya ɗaga wajen haske, ya hura. Ƙura ta tashi.

"Wannan bai ga allura ba tun bara," ya ce. "In ba ka ji komai ba, ka ce ba ka ji ba. A nan ba a ƙarya."

Dogo ya yi ja har wuya. Ya ce shagonsa ne, wanda bai gamsu ba ga ƙofa. Kawu ya ɗauki fulas ɗinsa muka fita, ko kofi ɗaya ba a zuba ba.

Asabar biyar bai je ba. Yana zama a shago yana gyara jeren hulunan da ba su bukatar gyara. Yaya ce ta zo har 116 ta same shi, ta tsaya tsakanin jakunkuna ta riƙe ƙugu.

"Kai jaki ne," ta ce. "Kunnensa ke mutuwa. Na hagu ya tafi, na dama yana bin sa. Kunya yake ji ya faɗa."

Kawu ya zauna a kan katan. Bayan ta tafi ya ce mini da Hausa, "Na ci mutuncin wanda ya ba ni wurin salla."

Asabar ta gaba ya riga kowa zuwa. Abin da suka faɗa wa juna kafin mu iso ban sani ba. Abin da na gani shi ne, ya ja kujerar Dogo ya manna ta da lasifika ta ɓangaren dama, ya kama hannunsa ya ɗora tafin a jikin akwatin lasifikar, ya sa faifai mai nauyin ganga. Da allura ta tashi ya tambaye shi da ƙarfi, "Me hannunka ya ji?"

Dogo ya yi ɗan tunani. "Mai gangar nan gaggawa yake."

"Wala," in ji Kawu da Faransanci, wato yauwa. "Ni ma haka na ce."

A nan kujerar ta zauna daga ranar, ba wanda ya tambayi dalili.

A gida kuwa Tanti ba ta shiga ƙaramin ɗakin in garmaho na juyawa. Da rana yake saurare, in ya dawo cin abinci, ita tana kicin, bango ɗaya tsakaninsu. A iya sanina ba su taɓa faɗa a kai ba. Ta ɗauki abin kamar wani ciwo da miji ya kwaso kafin ta zo: a yi haƙuri da shi, kada kuma a faɗa wa mutane.

Ranar Alhamis, jajibirin fitar da shara, na shirya zuwa wurin Tanti. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na haddace a jirgi, na isa na manta. Na tarar da Tanti a kan darduma, Inna a gefenta tana ƙulla dabino a ledoji. Na durƙusa.

"Tanti, maganar faya-fayan nan."

"Kin samo masu ɗauka?"

"Ba duka ne nasa ba."

Ta juyo.

"Aro ne. Wajen rabi na mutane ne. Amana ce a hannunsa."

"Ke," in ji Inna, "yanzu ne lokacin wannan maganar?"

Tanti ta ɗaga mata hannu. Ta daɗe tana jan carbi. Na san abin da take aunawa: nauyi ta so ta sauke masa, ga shi na gaya mata wani za ta ɗora.

"In na zubar da kayan mutane, shi za a tambaya," ta ce, ba da ni take ba. Sannan ta dube ni. "To wa ya san na wane da na wane?"

"Ya rubuta. Cikin kowane bango akwai 'yar takarda. Amma da ajami ne. Na gwada, ban iya ba."

Ina karanta Alƙur'ani, amma hannun Kawu wani abu ne daban, ƙanana a cunkushe, ba wasali, kamar sawun tururuwa. Mutum ɗaya ce a New York ke karanta shi ba tuntuɓe, ita ce Tanti. Shekara bakwai yana aika mata wasiƙu da wannan hannun kafin ta samu takardun zuwa.

"Ɗauko mini tabarau," ta ce.

Muka zauna a ƙasa a ƙaramin ɗakin, Inna tana tsaye daga ƙofa. Ni in zaro takarda, ita ta karanta, in ware faifan gefe. Ba ta taɓa faifai ko ɗaya ba, takardar kawai. Layin farko sunan mai shi ne: na Dogo, na Yaya, ko nasa. Layi na biyu abin da zai faɗa ranar Asabar, domin da Hausa yake shirya shi kafin ya juya shi zuwa Turanci. Akwai layi na uku. Ko da ban iya karanta shi ba, na san abin da ke ciki, don na sha jin sa a bakinsa. Ya sa ni alkawarin kada in gaya mata. Ya ce in ta sani za ta daina.

Da farko sunayen kawai take karantawa, da sauri, kamar mai shan magani. A takarda ta goma ko sha ɗaya idonta ya sauka ƙasa. Ta matso da ita kusa da fuska.

"Madam ta ce," ta karanta a hankali, "kamar an zuba cokula a injin wanki."

Madam yake kiran ta, tun suna Maraɗi.

Ta miƙo hannu na ba ta wata. "Madam ta ce a ba yaron nan ruwa, maƙogwaronsa zai tsage." Wata kuma. "Madam ta ce mai gangar nan kare ne ya biyo shi." Ta sauke tabarau kan hanci ta dube ni. "Mene ne wannan?"

Na gaya mata. Duk Asabar, in Kawu ya gama faɗin nasa, sai an tambaye shi abin da Madam ta ce, ba a sauke allura sai ya faɗa. Faifan da Madam ta zaga sosai, shi kowa ke rububin ara. Wanda ta ce "wannan da dama-dama," sai a fara zargin ƙungiyar ta lalace.

"Maganar da nake yi a kicin? Ni da tukunyata?"

"Bangon ba shi da kauri, Tanti."

Inna ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa.

"Tun yaushe?"

"Dogo ya ce tun watan da kika zo."

Ta ci gaba da karatu, amma yanzu layi uku-uku, ba ta tsallake ko ɗaya. Wani wurin ta yi tsaki, wani wurin ta ce, "Wannan kam na faɗa, kuma zan sake faɗa." Can wajen akwati na biyu ta karanta wata, muryarta ta ragu: "Madam ba ta ce komai ba, amma ta bar ƙofar kicin a buɗe har gefen ya ƙare."

Ta ajiye takardar a cinyarta.

"Hayaƙi ne ya yi yawa ranar," ta ce. Ta cire tabarau ta goge da bakin hijabi, ta daɗe tana gogewa.

Juma'a da safe supa ya fitar da shararsa ba da namu ba, domin ko rabi ba mu kai ba. Ranar Tanti ta sa Inna ta kira mata liman a waya. Ya ce amana dai a mayar wa masu ita, abin da ya rage kuma gado ne, sauran lamarin yana tsakanin bawa da Ubangijinsa, wanda Ya fi mu sanin Alhaji. Tana takaba, ba ta fita. Ta ce, "Ki ce su zo su karɓi kayansu hannu da hannu, in gani da idona."

Asabar bayan azahar suka zo, duka biyar ɗin da suka rage. Dogo ya ɓata wajen minti biyar a bakin ƙofa yana kwance igiyar takalmi, sauran suna jira a bayansa. Tanti tana kan kujera a ƙofar kicin, Inna a gefenta, ni a tsakiyar falo, domin ni ce tafinta. Akwatuna biyu da rabi muka ware musu, kowane faifai da sunan mai shi.

Sai dai ba hannu wofi suka zo ba. Kowa yana ɗauke da kwali. Suka jera su a gaban Tanti, har guda huɗu.

"Wannan kuma fa?"

"Nasa ne da ke hannunsu," na ce. "Sun dawo da su."

Ta dubi waɗanda za su fita, ta dubi waɗanda suka shigo. "Na kira su su rage mini kaya, sun ƙaro." Wani sautin dariya ya fito mata ta hanci, ta rufe baki da sauri. Tun Talata ban ji shi ba.

Yaya ta matso gaban kujera ta ce in gaya mata duk cikinsu ba mai kunnenta. "Sau biyu ta zagi nawa, kuma duk biyun tana da gaskiya."

Na juya mata. Tanti ta ce, "Wanne ne nata?"

"Na cokula."

"Ayya. Ki ce ta yi haƙuri."

"Ki ce kada ta kuskura ta janye," in ji Yaya.

Dogo bai ji yawancin abin da ake faɗa ba. Yana tsaye da safa, kansa ya kusa taɓa fanka, yana juya hularsa. Da aka yi shiru ya yi magana da ƙarfi, yadda masu ciwon kunne ke yi. Ya ce tun da ta zo ƙasar nan, Kawu bai taɓa shiga shagonsa shi kaɗai ba. Kullum tare da ita yake zuwa. Na juya mata wannan ma.

Tanti ta daɗe tana kallon kwalayen. Suka ɗauki nasu, suka yi sallama, lif ya sauka da su. Falon ya rage mu uku.

"Gado ne yanzu," ta ce, tana duban Inna. "Ba nawa ni kaɗai ba."

"Rabona na bar wa yarinya," in ji Inna. "Magadan Maraɗi kuma a tambaye su, amma ban ga wanda zai ce a aika masa ba."

"To nawa ma." Ta juyo gare ni. "A mayar da su ɗakin. Ki jera su yadda kuke jerawa a makarantarku, kada ki fitar da takarda ko ɗaya daga inda ya sa ta."

"A nan gidan, Tanti?"

"A ina kuma? Innarki ba za ta bar ki ki kunna wannan masifar a gidanta ba. In na fita takaba, ki riƙa zuwa da rana ki sa abinki. Ni ina kicin, ba ruwana." Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara hijabi. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba. "Kuma in za ki kai magana, ki kai ta daidai. Cokula da wuƙaƙe na ce. Shi ne ya rage wuƙaƙen."

Allah Ya jiƙan Kawu. Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya yalwata masa makwanci, Ya jiyar da shi abin da ya fi duk abin da kunnensa ya taɓa ji daɗi. Ya ba Tanti haƙurin ɗakin da ya yi shiru, Ya kyautata namu ƙarshen idan lokacinmu ya zo. Amin.